Kafin A Nemo Ɗan Jagora: Shawara Ga Mutanen Nima Da Maamobi

Duk wanda ya taɓa zama a kan benci a ɗakin ido na wani asibiti a Akra ya san masu cika layin. Akasari masu jan ido ne da ƙaiƙayi, da yaran da suka yi ta murzar ido har farinsa ya koma ruwan ƙasa, da 'yan shekara arba'in da ɗoriya waɗanda sai sun miƙe hannu can nesa kafin su karanta saƙon waya. Damuwa ce ta koro su, kuma yawancinsu za su koma gida da maganin ɗigawa ko tabarau, magana ta ƙare. Waɗanda suke kan hanyar makancewa da gaske kuwa, da yawansu ba su ma san ƙofar ɗakin ba. Suna can wani ɓangare na asibitin, a layin masu suga ko masu hawan jini ko na sikila. Wasu kuma suna kasuwar Nima ranar Laraba suna ta ciniki, ido fari tas, ba ciwo ba kwantsa.

A 2015 an yi binciken makanta na ƙasa baki ɗaya a Gana. Ya nuna kashi 0.74 cikin ɗari na jama'ar ƙasar makafi ne, wato mutum sama da 200,000 a lokacin. Fiye da rabinsu, kashi 54.8, yana ce ta rufe musu ido. Kashi 19.4 kuma gilakoma ce, wadda muke kira hawan jinin ido. Sai cututtukan bayan ido, ciki har da ɓarnar ciwon suga, sannan tabon baƙin ido, wato hakiya da danginta. Amosanin ido da ya makantar da kakanninmu a arewa an ci ƙarfinsa, don a 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar Gana ta kawar da shi daga cikin matsalolin lafiyar jama'a, kuma ita ce ta farko a Afirka kudu da Sahara. Abin da ya rage mana yanzu cututtukan tsufa ne, da na gado, da na zaman birni.

Adadin da ya fi tsaya mini a rai daga Tema ya fito, nan kusa da mu. Tsakanin 2006 da 2008 an duba idon mutum 5,603 'yan shekara 40 zuwa sama. An sami 362 suna da gilakoma. Mutum 12 kacal daga cikinsu suka san suna da ita. Irin wadda ta fi yawa ta kama kashi 6.8 cikin ɗari, kusan mutum ɗaya a cikin kowane 15, kuma maza sun fi mata. Ka dubi sahun gaba na masallacin unguwarku ranar Juma'a, ka ƙirga dattawan da ke ciki, ka yi lissafin da kanka.

Yana: wadda ake tsoro alhali tana da magani

A cikin ido, bayan ɗigon baƙin nan na tsakiya, akwai ɗan gilashi na halitta wanda haske ke ratsawa. Shekaru suna sa shi ya dishe. Ciwon suga, bugu a ido, da yawan amfani da wasu magunguna suna gaggauta hakan. Mai yana yakan ga hazo-hazo ko'ina, fitilar mota da dare ta riƙa warwatse masa, launin atamfa ya dusashe. Wani tsohon ma sai ya ga ya koma karatu ba tabarau, ya yi ta murna wai ganinsa ya dawo. Sau da yawa yanar ce ta fara kama, ta sauya masa awon ido na ɗan lokaci.

Babu maganin ɗigawa, babu na sha, babu kwalli ko tozalin da ke narkar da yana. Duk wanda ya sayar maka da wani abu a trotro ko a bakin masallaci da sunan yana wanke yana, kuɗinka ya ci. Aiki ne kawai, kuma aikin bai kai yadda ake zuzuta shi a zaure ba. Ba a ƙwaƙulo ido a wanke a mayar, kamar yadda wasu ke tsorata iyayenmu. Ana kashe zafin wurin da allura ko ɗigo, mutum yana farke yana jin hirar masu aikin, a yi ɗan tsagi a gefe, a cire gilashin da ya dishe, a sa na roba a madadinsa wanda zai zauna har ƙarshen rai. Yawanci bai wuce rabin awa ba. A rufe idon, washegari a buɗe. Batun a jira sai yana ta nuna kuma tsohon zance ne. Da zarar ta hana Hajiya gane canjin kuɗi a kasuwa, ko ta hana Alhaji karatun da ya saba, lokaci ya yi. Barin ta har ta wuce nuna yana iya tayar da matsin ido, ya sa aikin ya ƙara wuya.

Bayan aiki, ruwa kada ya shiga idon sai likita ya ba da izini. A tambaye shi kai tsaye game da alwala da sujada, don addini ya ba mara lafiya sauƙi, akwai taimama, akwai salla a zaune. A nisanci hayaƙin murhu da ƙura da ɗaukar kaya mai nauyi na 'yan makonni. Hajiya mai tuyar ƙosai ko mai dafa waakye ta bar wa yara tukunyar tukuna. Idan ido ya ɗauki zafi sosai bayan aiki, gani ya ragu maimakon ya ƙaru, a koma asibiti a ranar, ko da ranar Salla ce.

Abin da nake roƙon mutanenmu su guje wa shi ne masu kwantar da yana na gargajiya, waɗanda kan zo daga arewa ko ƙasashen maƙwabta su sauka a unguwa. Abin da suke yi shi ne soka tsinke ko allura su tura gilashin da ya dishe ya faɗa cikin ido. Nan take mutum zai ga haske, a yi kabbara, a biya kuɗi, mai aikin ya kama hanya. Gilashin yana nan kwance a ciki yana haddasa kumburi da hawan matsi. Binciken makanta na ƙasa da aka yi a Nijeriya daga 2005 zuwa 2007 ya gano cewa sama da kashi 40 cikin ɗari na idanun da aka taɓa saboda yana, ta wannan hanyar aka taɓa su, kuma kusan uku cikin huɗu na irin waɗannan idanun makafi ne sa'ad da aka duba su.

Hawan jinin ido

Sunan da muka ba gilakoma yana ruɗin mutane, don haka a gyara tun farko. Ba ta da alaƙa da awon da ake ɗaura maka a damtse. Jininka zai iya zama daidai, idonka yana lalacewa. Akwai wani ruwa garai-garai da ido ke samarwa a cikinsa dare da rana, wanda ba hawaye ba ne, yana fita ta wata 'yar matata a kewayen baƙin ido. Ɗan Nima ba ya bukatar dogon bayani kan abin da ke faruwa idan kwata ta toshe alhali ruwa bai fasa zuwa ba. Bambancin kawai, ido ba shi da inda zai yi ambaliya, sai matsin ya koma kan jijiyar gani da ke baya, ya riƙa kashe zarenta ɗaya bayan ɗaya. Zaren da ya mutu ya mutu ke nan. Babu likitan da ke dawo da shi, a asibitin Korle Bu ne ko a Landan.

Daga gefe take fara ci, tsakiya ce ta ƙarshe. Shi ya sa za ka ga dattijo yana karanta Alƙur'ani mai ƙananan baƙaƙe ba gargada, amma kullum sai ya yi tuntuɓe da buta a ƙofar masallaci. Ka zo ta gefensa ka miƙa masa hannu, bai karɓa ba, har ka zaci wani abu ka yi masa. Zai tsallaka titin Nima, babur ya taho ta hagunsa, sai dai ya ji ihun mutane. Idan ka ce masa ya je a duba idonsa zai yi dariya ya ce, “Yaro, ni da nake zura zare a allura?” Gaskiya ya faɗa, yana zurawa. Ido ɗaya yana rufa wa ɗan'uwansa asiri, ƙwaƙwalwa kuma tana cike gurbin da ya ɓace, har sai abin da ya rage ya zama ɗan kaɗan.

Ta fi kama baƙar fata, ta fi saurin kama mu da ƙuruciya, ta kuma fi tsanani a kanmu. Tana bin jini. Idan mahaifinka, ko mahaifiyarka, ko wanda kuke ciki ɗaya yana da ita, haɗarinka ya ninka sau da dama. A gidajenmu na Zango ba a cika sanin sunan cutar ba, sai dai a ce kaka ya makance da tsufa, ko an yi masa jifa. To, ka tambayi manya: idon nasa ya yi fari ne, ko yana nan garau amma ba ya gani? Idan garau yake, kai da 'yan'uwanka ku je awo, kada ku jira shekara 40. Wanda babu wannan tarihin a gidansu, daga 40 ya mayar da awon ido abin yi duk shekara ko shekara biyu. Ni dai da za a bi tawa, daga 35 za a fara.

Karanta haruffan allon bango ba ya gano gilakoma. Mutum zai iya karanta layin ƙasa tsaf alhali rabin jijiyarsa ta tafi. Haka nan mai sayar da tabarau a bakin titi da ke ba ka jarida ka gwada, ba awon ido yake maka ba. Abu uku ake bukata, kuma ka faɗe su da bakinka idan ka shiga: “Don Allah ina so a auna mini matsin ido, a duba jijiyar gani, in da hali a yi mini awon faɗin gani.” Na farko, ana ɗiga magani a ɗan taɓa idon da na'ura, ko a hura masa iska. A yawancin mutane lambar tana tsakanin 10 da 21. Ka tambayi taka ka rubuta, kamar yadda masu suga ke riƙe tasu. Amma akwai waɗanda jijiyarsu ke lalacewa ko da lambar ba ta haura ba, shi ya sa na biyun, wato leƙa bayan ido da fitila, ya fi muhimmanci. Na uku shi ne wanda za ka sa haɓa a kan na'ura, ka kafa ido a tsakiya, ka riƙa danna maɓalli duk sa'ad da ɗan haske ya ƙyalla a gefe. Yana da gajiyarwa, kuma karon farko kowa yakan ruɗe. Kada ka bi hasken da ido, kada ka danna don ka burge ma'aikaci.

Wanda aka ce yana da ita ya sani cewa maganin ba na warkarwa ba ne, na tsare abin da ya rage ne, kuma har abada ne. Nan ne mutane suka fi faɗuwa. Sai a ji Baba yana cewa, “Wata uku ina ɗigawa ban ga canji ba.” Baba, rashin canjin shi ne nasarar. Kwalba ta ƙare, a sayo wata kafin ta ƙare. Idan kuɗin ya gagara, a gaya wa likita baro-baro, don akwai mai rahusa, akwai kuma wata hanyar. Timolol shi ne aka fi bayarwa, safe da yamma, amma mai asma ko mai ciwon zuciyar da bugunta ke yin ƙasa lallai ya faɗa kafin a rubuta masa. Latanoprost sau ɗaya ne da dare, yakan ɗan ja ido ya tsawaita gashinsa, kuma wanda ba a buɗe ba a firji ake ajiye shi. Akwai kuma aikin haske na lesa da aikin tiyata na buɗe wa ruwan hanya. A wani gwaji da aka yi a asibitin KCMC da ke Moshi a Tanzaniya, wanda aka fitar da sakamakonsa a 2021, lesa ta riƙe matsin ido bayan shekara guda a idanu kusan ninki biyu na waɗanda timolol ya riƙe. Ga wanda ya san shi mai mantuwa ne, ko direban da ke kwana a hanyar Kumasi da Tamale, ya dace ya tambaya ko za a iya yi masa.

Ɗigawar kanta tana da ƙa'ida, kuma da yawa a kumatu suke zubar da maganin. Wanke hannu. Ɗaga kai sama, ko ka kwanta rigingine. Ja fatar ƙasan ido da yatsa ta yi ɗan aljihu. Ɗigo ɗaya tak, na biyu asara ne, kuma bakin kwalbar kada ya taɓa ido. Sai ka lumshe, ban da ƙifce-ƙifce, ka danna lungun idon da ke jikin hanci da yatsa na minti ɗaya ko biyu. Idan kwalba biyu ce, a bar minti biyar tsakani. Tsohon da hannunsa ke rawa, a ɗora wa jika guda ɗaya wannan aikin, a san shi ne mai shi. Mu a Akra Allah ya sauƙaƙa mana lissafin lokaci, don asuba da magariba ba sa matsawa sosai duk shekara. A ɗaura maganin safe da na yamma a kansu, ba za a manta ba.

Wannan ya kawo mu ga azumi, inda da yawa ke ajiye kwalba wata guda cur. Malamai sun yi saɓani. A mazhabar Malikiyya, wadda yawancinmu muka tashi a kanta, idan ɗanɗanon ya kai maƙogwaro akwai magana. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi kuma, a zamanta na Jidda a 1997, ta ce ɗigon ido ba ya karya azumi matuƙar ba a haɗiye abin da ya sauko ba. Ni ba malami ba ne, kowa ya tambayi nasa. Amma ko a kan ra'ayi mafi tsanani babu dalilin ajiye magani: na safe a yi shi lokacin sahur, na yamma bayan shan ruwa, na dare kuwa dama ba ruwansa da azumi. Danna lungun idon nan da na ambata shi ne ke hana ɗacin sauka wuya. Mai tafiya aikin Hajji ya sa kwalabensa a jakar hannu, ya ɗauki fiye da abin da zai ishe shi.

Masu suga, masu sikila, masu hawan jini

Ku da kuke zuwa asibiti duk wata ko wata uku, kun riga kun biya kuɗin mota, kun riga kun kashe yinin. Sau ɗaya a shekara ku roƙi likitanku takardar zuwa ɗakin ido. Suga yana lalata ƙananan jijiyoyin jinin da ke bayan ido, su riƙa yoyo, wasu sababbi marasa ƙwari su tsiro, wata rana su fashe, mutum ya wayi gari jini ya cika masa ido ta ciki. Kafin a kai nan ana shekaru babu alamar komai, kuma a wannan tsakanin ne lesa ko allurar ido ke aiki. Duk wanda aka gaya wa yana da suga yana babba, a duba bayan idonsa tun a lokacin, don ciwon ya daɗe a jikinsa kafin a gano. Mai suga da ta sami juna biyu ta je da wuri. Kada kuma a yanka sabon tabarau lokacin da suga ke hawa da sauka, awon ba zai tsaya ba, kuɗin ya tafi a banza.

Sikila tana da nata. A Gana kusan jarirai biyu cikin ɗari da ita ake haifarsu, kuma nau'in SC yana da yawa a nan. Masu SC ba su cika kwanciya ciwo kamar masu SS ba, har wasu su manta suna da ita, amma su ne ta fi taɓa wa bayan ido. Daga wajen shekara 10 a fara duba su duk shekara.

Ranar wannan awon za a ɗiga maka maganin buɗe ido. Gani zai yi dishi-dishi na wasu awanni, rana ta dame ka. Kada ka zo da babur ko mota, ka zo da baƙin gilashi da ɗan rakiya.

Abin da ba ya shiga ido

Apolo, ciwon jan idon nan mai yaɗuwa, ɗan gida ne, a Gana aka fara ganinsa a 1969, kuma har yau yakan zaga unguwa lokaci-lokaci. Ƙwayar cutar da ke kawo shi takan wuce da kanta cikin mako ɗaya zuwa biyu. Abin da yake so shi ne wanke hannu, raba tawul da matashi, da goge kwantsa da ruwa mai tsabta. Abin da ke makantarwa a lokacin apolo shi ne abin da ake zubawa: fitsari, ruwan suga, ruwan albasa, ruwan batir, ruwan ganye, nonon uwa, ruwan teku. Fitsarin mai ciwon sanyi yana iya huda baƙin ido cikin kwana biyu. Rubutu a sha, addu'a a tofa, amma cikin ido a bar shi.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne na shagon magani, don yana da kwali da rubutun Turanci. Yaro yana fama da ƙaiƙayin ido na shekara da shekaru, uwa ta je shago a ba ta ɗan ɗigo, cikin kwana biyu ido ya washe. Daga nan ta riƙe kwalin, duk sa'ad da ya tashi ta aika a sayo. Ku duba jikin kwalbar. Idan kun ga dexamethasone, betamethasone ko prednisolone, wannan magani ne mai ƙarfi da likita kaɗai ke bayarwa na ƙayyadadden lokaci yana auna matsin ido. Yawan ɗiga shi yana jawo gilakoma da yana ga yaro ɗan firamare, kuma idan akwai gyambo a baƙin ido yana iya rura shi. Mayukan bilicin da yawa ma irin wannan sinadarin ne a cikinsu, masu shafa su har fatar ido su yi hattara. Kwalli kuma, wani yana ɗauke da dalma, kuma mucin da gida duka ke amfani da shi yana raba cuta. Jariri dai a ƙyale masa idonsa.

Akwai abubuwan da ba sa jiran wayewar gari ko ranar albashi. Gani ya ɗauke farat ɗaya ko da ba zafi. Walƙiya a gefen ido tare da baƙaƙen ɗigo masu yawo da yawa, ko wani duhu ya sauko ta gefe ɗaya. Jan ido mai tsananin zafi da ciwon kai da amai. Farin tabo a kan baƙin ido. Mai walda ko makaniken da ɓarɓashin ƙarfe ya faɗa wa, kada abokin aiki ya ce zai ciro da tsinken ashana ko bakin takarda, a rufe idon da wani abu da ba zai danna shi ba a tafi. Siminti, farar ƙasa ko ruwan batir kuwa, kafin a nemi mota a fara zuba ruwa, ko na leda ne, a yi ta zubawa minti 20 ido a buɗe. Mai walda ya riƙa sa gilashin kariya.

Ga iyaye mata: jaririn da ido ya kumbura yana zubar da ruwan ƙwaya a makonnin farko, asibiti a ranar. Wanda aka haifa bakwaini, a tambaya yaushe za a duba bayan idonsa kafin a sallame ku. Idan kin ɗauki yaro hoto da waya kika ga tsakiyar ido ɗaya ya yi fari yana ƙyalli, kada ki share hoton, ki kai shi tare da yaron, don yana iya zama yana, yana kuma iya zama kansar ido, wadda ake warkewa idan an kama ta da wuri. Jariri mai dara-daran idanu da kowa ke yabawa, idan yana yawan hawaye yana gudun haske, a auna shi, akwai gilakomar haihuwa. Kada kuma a daina zuwa awo bayan an gama alluran farko, a can ake ba da bitamin A duk wata shida har shekara biyar, da rigakafin ƙyanda a wata 9 da wata 18.

Ina za a je, me za a riƙe

A wannan fannin mu 'yan gata ne, don yawancin likitocin ido na ƙasar nan a Akra da Kumasi suke. A fara da na kusa, Babban Asibitin Maamobi ko asibitin da katinka yake, a nemi ganin ma'aikatan ido ko a karɓi takardar turawa. Asibitin Sojoji na 37 da na Ridge suna da sashen ido, kuma duka ba su da nisa. Manyan matsaloli, irin na bayan ido da na yara, Korle Bu ake kai su, inda akwai cibiyar ido da aka gina da taimakon ƙungiyar Lions da asibitin Moorfields na Landan. Nas ɗin ido da likitan awon gani sun isa su gano matsala su tura ka gaba, ba dole sai ka ga mai tiyata tun ranar farko ba.

Inshorar lafiya ta ƙasa, wadda aka kafa da dokar 2003, ta ƙunshi duba ido, awon faɗin gani da aikin yana, amma ban da kuɗin tabarau, kuma ba kowane maganin gilakoma ne ke cikin jerinta ba. A sabunta kati tun kafin ranar, ana yi ta waya da *929#. Kafin a sa ranar aiki a tambayi abin da inshora ta ɗauka da abin da za a cika, a karɓi rasit. A zo da duk magungunan da ake sha da waɗanda ake ɗigawa a cikin leda, har da na shago da na gargajiya, ba za a kama kowa ba. Tsohon da ba ya jin Turanci ko Twi sosai ya zo da wanda zai saurara ya rubuta sunan ciwon, lambar matsin ido, da ranar dawowa. Awon kyauta da ake kawowa unguwa, musamman a makon gilakoma cikin Maris da ranar gani ta duniya a Alhamis ta biyu ta Oktoba, yana da amfani, amma tacewa ce kawai. Idan an ba ka takarda ka je asibiti, kada ta ƙare a aljihun babbar riga.

Wanda kuma ganin ya riga ya tafi, kada a zaunar da shi a ɗaki a ce ƙaddara ta gama aikinta. A kai shi a duba ko da sau ɗaya ne, don in yana ce ana iya buɗe idon ko bayan shekaru. In gilakoma ce, a ci gaba da maganin da likita ya ce, saboda ɗan hasken da ya rage shi ne ke kai shi bayi da kansa. A daina sauya wa kayan ɗakinsa wuri, a rufe ramin kwatar ƙofar gida, a ƙara fitila a zaure. Ƙungiyar Makafi ta Gana tana koyar da tafiya da farar sanda da amfani da waya mai magana, yara kuma akwai makarantar makafi a Akropong. A majalisar ƙaramar hukuma, ta Ayawaso ta Gabas ga 'yan Nima, ta Ayawaso ta Arewa ga 'yan Maamobi, akwai kason da doka ta ware wa masu bukata ta musamman, a je ofishin jin daɗin jama'a a yi rajista. Sannan 'ya'yansa da ƙannensa su sa rana ɗaya, su tafi tare a auna su.